Ma'adinai a Kwalbar Ƙarin Jini: Inda Magani Ya Yi Iyaka da Guba

Duk wanda ya shiga kemis a biranenmu, daga Kano har Maraɗi, ya ɗaga kai ya dubi kantar da ke bayan mai shago, ba zai rasa ganin jerin kwalabe masu duhu ba, waɗansu da hoton jariri mai kumatu, waɗansu da hoton lemo da inabi, dukkansu kuwa da alkawari iri ɗaya, watau ƙarin jini, da buɗe ciki don cin abinci, da ƙarfin jiki. Jama'a ba su lissafa su cikin magunguna na haƙiƙa ba, sun ɗauke su wani nau'i na abinci da aka tace aka ɗura a kwalba, shi ya sa za ka ji uwa ta ce wa mai kemis, "Malam, a ba ni na ƙarin jini mai kyau, yaron nan duk ya rame," shi kuwa ya miƙo mata mafi tsada daga cikinsu, bai tambayi shekarun yaron ba, balle abin da ya ramar da shi. Ƙa'idar da wannan ciniki ya ginu a kanta, wadda mai saye da mai sayarwa suka yi ittifaƙi a kai ba tare da sun furta ba, ita ce bitamin in bai amfana ba, ai ba ya cutarwa.

Wannan ƙa'ida tana da ɗan rabo na gaskiya game da bitamin C da galibin dangin B, waɗanda jiki ke zubar da rararsu cikin fitsari. Amma wanda ya juya kwalbar ya karanta ƙananan rubutun da ke bayanta zai tarar ba bitamin kaɗai ke ciki ba, akwai ma'adinai, watau ƙarfe da zinki da tagulla da aidin da manganis da seleniyam da kuromiyam, waɗanda asalinsu daga duwatsu da ƙasa suke, wuta ba ta ƙona su, hanta ba ta narkar da su su zama wani abu dabam, waɗansunsu ma in sun shiga jiki ba su da ƙofar fita sai 'yar ƙanƙanuwa. Masana suna kiransu ma'adinan kaɗan, domin abin da jiki ke bukata daga cikinsu a yini bai taka kara ya karya ba, alhali kuwa rashinsa yana kwantar da mutum, yawansa kuma yana kwantar da shi. Hukuncinsu ɗaya da na kanwa a miyar kuɓewa: ɗan tsinke ya gyara ta, cikin hannu ya ɓata tukunya. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, ratar da ke tsakanin miƙdarin da ke rayarwa da wanda ke cutarwa ƙunci gare ta ƙwarai a kan waɗannan ma'adinai, kuma ido da harshe da hanci ba su da ikon gane wanne ne a cikin kwalba.

Babu wanda ya fi seleniyam bayyana wannan mas'ala. Wani masanin kimiyya na ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ya gano shi a 1817, aka yi shekara fiye da ɗari ba a san yana da wani amfani a jiki ba, har sai a 1957 da bincike ya tabbatar cewa jikin dabba ba ya wadatuwa da barinsa. Ƙasar Sin ta ga fuskokinsa biyu a zamani guda. A gundumar Keshan da ke arewa maso gabas, inda ƙasar noma ta talauce daga gare shi, wata cutar zuciya ta yi ta ɗaukar ƙananan yara da mata masu shekarun haihuwa, har aka sa wa cutar sunan gundumar, ba a kuwa shawo kanta ba sai da aka fara ba mutane seleniyam a shekarun 1970. A gundumar Enshi kuwa, cikin lardin Hubei, inda ƙasa ta ƙoshi da shi fiye da kima, mutanen ƙauyuka suka riƙa zubar da gashi da farce a farkon shekarun 1960 saboda masarar da suka noma suka ci. Abin da baligi ke bukata a yini shi ne maikirogiram 55, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, ma'ana giram ɗaya tak zai ishi mutum kusan shekara 50. Haddin da masanan Amurka suka gitta, wanda suka ce kada a ƙetare shi a kullum, shi ne maikirogiram 400, hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ma ta sauko da nata zuwa 255 a 2023.

To, a watan Maris na 2008, a jihar Fulorida ta Amurka, wani mai sana'ar tausa da daidaita ƙashin baya ya lura cewa mutane da dama daga cikin masu zuwa wurinsa suna kuka da abu ɗaya, gudawa da zubar gashi, kuma dukkansu suna shan wani bitamin na ruwa da ake sayarwa a wurin nasa, mai suna Total Body Formula, wanda wani kamfani na jihar Jojiya ke rarrabawa. Abin da ya fi taɓa zuciyata cikin labarin shi ne, da waɗannan bayin Allah suka ji jikinsu ba daɗi, sai suka ninka abin da suke sha, bisa kyakkyawan zaton cewa abin da ke gina jiki shi zai tashe su, har farcensu ya fara sauya launi yana ɓamɓarewa. Da labari ya kai ga hukumomin lafiya, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasar, wadda ake kira FDA, ta yi shela a ƙarshen watan cewa kowa ya daina sha, sannan ta auna abin da ke cikin kwalaben. Takardar da ke jikin kwalba ta ce kowane awo ɗaya, kimanin mililita 30, watau cikin babban cokali biyu, yana ɗauke da maikirogiram 200 na seleniyam. Awon hukuma kuwa ya sami har 40,800, ninki fiye da 200 na abin da aka rubuta, ninki fiye da 100 na haddin da aka hana ƙetarewa. Kuromiyam ɗin ciki ma ya ninka abin da aka ambata har sau 17.

Likitocin da suka bi diddigin al'amarin, waɗanda suka buga sakamakon bahasinsu a 2010, sun ƙidaya mutum 201 a jihohi 10 da wannan ibtila'i ya shafa. Kashi 78 cikin ɗari sun yi gudawa, kashi 75 sun yi fama da kasala, kashi 72 gashinsu ya zube, kashi 70 sun yi ciwon gaɓoɓi, kashi 61 farcensu ya dafe ko ya riƙa karyewa. Bayan kwana 90 da daina sha, fiye da rabinsu farcensu bai dawo daidai ba, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma suna nan da kasala da sanƙon da ba na gado ba. Dalilin da ya sa gashi da farce ke fara nuna alama, bisa ga bayanin masana, shi ne seleniyam ɗan'uwan kibiritu ne a ɗabi'a, gashi da farce kuwa ƙarfinsu ya dogara ga kibiritu, saboda haka idan seleniyam ya yi yawa sai ya kutsa ya zauna a gurbin ɗan'uwansa, ginin ya raunana. Rarar da jiki ke ƙoƙarin fitarwa ta huhu kuma ita ke sa numfashin majiyyaci ya riƙa warin tafarnuwa ko da bai ci ta ba. Babu wani makari da ake bayarwa, illa a daina sha a jira.

Ba maƙiyi ne ya zuba guba ba, ba kuma jabu aka yi ba. Kuskure ne aka yi wajen haɗa sinadarai, ya wuce hannu bayan hannu har ya isa bakin masu sha, ba wanda ya tsaya ya auna. Wanda ya tambaya yaya haka ta faru a ƙasar da ake buga misali da ita wajen tsaurin dokar magunguna, jawabinsa yana cikin wata doka da majalisarsu ta yi a 1994, wadda ta ware waɗannan kayan ƙarin kuzari daga sahun magunguna ta sa su kusa da sahun abinci. A ƙarƙashinta, mai yin maganin hawan jini wajibi ne ya kawo hujjar amfaninsa da amincinsa kafin a ba shi izinin sayarwa, mai yin bitamin kuwa yana iya kai kayansa kasuwa ba tare da wannan izini ba, nauyin kawo hujjar cutarwa ya koma kan hukuma bayan kaya sun riga sun shiga gidajen mutane. Ƙa'idojin da suka tilasta wa kamfanoni su riƙa tantance abin da suke zubawa ba a kammala su ba sai a 2007, ƙananan kamfanoni kuma aka ba su wa'adi har zuwa 2010. Ina ambaton wannan ne domin da yawa daga cikinmu, da sun ga an rubuta cewa a Amurka aka yi kaya, sai hankalinsu ya kwanta, su ɗauka wata hukuma ta gwada shi ta sa hannu, alhali a wannan babi ba haka abin yake ba. Shekara ɗaya bayan al'amarin Total Body Formula, a watan Afrilu na 2009, a garin Wellington na jihar Fulorida ɗin dai, dawakan folo 21 na wata ƙungiya daga Benezuwela suka faɗi suka mutu cikin sa'o'i, ana dab da fara wasa, saboda allurar bitamin da ma'adinai da wani kantin haɗa magunguna ya shirya musu da seleniyam fiye da ƙima. Wanda ya san girman doki da ƙarfinsa, ya san abin da wannan ke nufi ga ɗan Adam.

Sai kuma tambayar da ta fi dacewa da mu: me ya keɓanta na ruwa da wannan haɗari, tun da ƙwaya ma ana iya kuskure wajen haɗa ta? Adalci ne a fara da faɗin fa'idarsa, domin jariri ba ya haɗiye ƙwaya, haka tsohon da maƙogwaronsa ya raunana, kuma ruwa ne ke ba likita damar daidaita awo da nauyin yaro. Amma ƙwaya a aune take zuwa, ɗaya ɗaya ce, mai sha ba shi da ta cewa. Na ruwa kuwa an bar aikin awo a hannun wanda ba a koya masa ba. Cokalin shayi a lissafin likita mililita 5 ne, babban cokali 15, cokulan gidajenmu kuwa kowanne da girmansa, sai ka tarar uwa ta ɗauko na cin shinkafa ta cika shi fal don yaro ya yi saurin murmurewa, ta ba shi ninki uku ba ta sani ba, wani magidanci ma kafa kai yake ya kurɓa daga bakin kwalba. Bayan wannan, ma'adinai da yawa ba sa narkewa sarai, sukan kwanta a gindin kwalba, wanda bai girgiza ba ya sha ruwa-ruwa a farkon mako, ya sha kauri a ƙarshensa. Sannan a cikin ruwa sinadarai suna cuɗanya dare da rana, ƙarfe da tagulla suna cinye bitamin C, suna raunana waɗansu daga dangin B, zafi kuwa yana gaggauta wannan aiki. Galibin kwalaben nan an rubuta a ajiye su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 25 ko 30 ba, kowa kuwa ya san yadda cikin shagon kwano yake a Sakkwato ko Maiduguri da tsakar bazara, balle tiren mai talla da ke yawo a tasha. Sakamakon shi ne bitamin ɗin da aka saya dominsa yana raguwa, ma'adinin da ake tsoro kuwa yana nan daram, domin shi ba ya lalacewa. Zaƙin da ake zubawa don a ɓoye ɗanɗanon tsatsa shi ne cikon musibar, domin yaro ba ya bambanta shi da lemon kwalba.

Akwai wani nau'i kuma da ya fi waɗannan bukatar tanbihi, wanda ya yi tashe a Amurka a shekarun 1990, ya kuma shigo mana ta hannun masu tallar gida-gida da na intanet, watau ruwan da ake tatsa daga wani irin tsohon dutse mai laushi, mafi shahararsa daga jihar Yuta, ana alfahari cewa yana ɗauke da ma'adinai 70 ko fiye, duk daga ƙasa, babu hannun bature. Mai hankali zai tsaya a nan ya yi lissafi, domin ma'adinan da ilmi ya tabbatar jiki na bukata, manya da ƙanana, ba su kai 20 ba. To sauran hamsin da 'yan kai su wane ne? A cikinsu ne ake samun alminiyam, da dalma, da arsenik, da makamantansu, waɗanda jiki ba shi da wani aiki da zai ba su. Miƙdarinsu yana iya zama kaɗan a wata kwalba, ya ƙaru a wata, gwargwadon ramin da aka haƙo, ba kuwa kowane mai sayarwa ne zai iya nuna takardar awo ba. Mu mutanen Arewa ba mu bukatar a yi mana dogon wa'azi a kan cewa fitowar abu daga ƙasa ba shaidar amincinsa ba ce, tun da a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, dutsen zinariya da aka riƙa niƙawa a tsakar gida ya kashe yara aƙalla 400 da gubar dalma, waɗanda suka tsira kuma da yawa sun tsira da raunin ƙwaƙwalwa. Dalma ba ta da wani miƙdari da masana suka yarda cewa amintacce ne a jinin yaro. Haka ruwan azurfa da ake tallarsa a matsayin mai kashe kowace ƙwayar cuta: jiki ba ya bukatar azurfa ko kaɗan, takan taru a fata ta mai da ita shuɗi-shuɗi mai toka, launin da ba ya wankuwa har kabari, kamar yadda ya sami Stan Jones, wani ɗan takarar majalisar dattawa a jihar Montana, wanda ya riƙa haɗa abinsa a gida yana sha. Tun 1999 FDA ta yanke hukunci cewa ba a san wannan ruwa da amfani ko aminci a matsayin magani ba.

Amma idan aka zo ga gidajenmu, ba seleniyam ba ne babban abin damuwata, ƙarfe ne, domin shi ne ruhin duk abin da ake kira maganin ƙarin jini. Ba na musun cewa ƙarancin jini ya yi mana katutu, musamman mata masu juna biyu da ƙananan yara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta yi umarni a ba mai ciki miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe a kullum tare da folik asid. Wadda aka rubuta mata wannan a awon ciki, don Allah kada wannan rubutu ya sa ta bari. Abin lura shi ne, Allah Ya halicci jikin mutum da tsananin rowa a kan ƙarfe: abin da ke cikin baligi duka bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, abin da yake rasawa a yini miligiram ɗaya ne ko biyu, ba shi kuma da wata hanya ta fitar da rara in ba zubar jini ba. Namiji baligi miligiram 8 yake bukata a yini, mace mai haila 18, mai ciki 27, haddin da ba a son ƙetarewa ba tare da umarnin likita ba kuwa 45 ne. Magidanci lafiyayye mai cin nama da wake da zogale, wanda ya mai da tonik ɗin ƙarin jini abin sha bayan kowane tuwo don neman ƙarfi, tara abin da ba ya bukata yake yi, hanta kuwa ita ce rumbun.

Kuma ba kowane farin ido da farin tafin hannu ne rashin ƙarfe ke kawowa ba. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini, tsutsar ciki tana tsotsa, tsargiya da basir suna zubarwa, gyambon ciki ma haka, wanda duk aka ba shi kwalba ba a nemo sababin ba, an rufe bakin rijiya ne kawai ruwa na ci gaba da tsiyaya ta ƙasa. Mas'alar ta fi tsanani ga masu amosanin jini, watau sikila, waɗanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawansu. Ƙarancin jininsu daga fashewar ƙwayoyin jini yake, ƙarfen da ke fita daga ƙwayar da ta fashe kuwa ba ya barin jiki, kuma kowace leda ta jini da aka ƙara musu tana shigo da kimanin miligiram 200 ko fiye, har ya kai likitoci suna ba waɗansunsu maganin da zai zare ƙarfen daga jiki. Sau nawa kaka ko gwaggo, don tsananin tausayi, take sayo wa irin wannan yaro tonik mafi ƙarfi da kuɗin da ta tara da ƙyar, garin neman gira a rasa ido? Ko yaron da ba shi da sikila, akwai darasin tsibirin Pemba na Zanzibar, inda aka yi gwaji a kan yara kimanin 24,000 'yan ƙasa da shekara uku, a yankin da zazzaɓin sauro ya yi ƙamari, aka dakatar da ba da ƙarfen a 2003 kafin wa'adi, domin an ga waɗanda ake ba ƙarfe da folik asid a kullum sun fi sauran haɗarin mutuwa ko kwanciya asibiti da kashi 12 cikin ɗari. Ƙwayar zazzaɓi da waɗansu ƙwayoyin cuta su ma ƙarfe suke nema don su hayayyafa. Saboda wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta shar'anta cewa a irin ƙasashenmu, ba yara ƙarfe ya tafi tare da gidan sauro da gwajin zazzaɓi da maganinsa.

Sauran ma'adinan zan bi ta kansu a gurguje. Zinki alheri ne ga yaro mai gudawa, miligiram 20 a yini, ko 10 ga wanda bai kai wata shida ba, na kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari. Hikimar kuwa tana cikin wa'adin, domin baligin da ya daɗe yana wuce miligiram 40 a kullum, zinkin yakan tare wa tagulla hanya a hanji, sai ƙarancin jini ya biyo baya, ƙafafu su riƙa mutuwa, tafiya ta gagara, shi kuwa ya ƙara sayen tonik. Aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo, tun farkon shekarun 1990 doka ta sa a zuba shi a gishirin Nijeriya, saboda haka mai ƙara ɗigon aidin ko ruwan ciyawar teku a kai yana iya birkita maƙoshin da yake son gyarawa. Ƙarfe da zinki kuma suna kama waɗansu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su sifrofuloksasin da tetirasaikilin, su hana su shiga jini, wanda ke shan su tare ya yi asarar maganin taifot ɗinsa bai sani ba. Mafi yawan wuce haddi ma ba daga kwalba ɗaya yake zuwa ba, daga tari ne: tonik da safe, ƙwayar bitamin da rana, garin madara mai ƙari da dare, kowanne da nasa kason.

Malaman Musulunci na da ba su bar wannan babi ga amanar ɗan kasuwa kaɗai ba. Abdurrahman ash-Shaizari, wanda ya rayu a Sham a ƙarni na 12, a littafinsa na hisba mai suna Nihayatur Rutba, ya ware babi ga masu sayar da magunguna, da wani ga masu haɗa magungunan sha na zaƙi, inda ya ɗora wa muhtasibi nauyin bincikar kayansu a kai a kai, saboda sun fahimci cewa algus a magani ya fi algus a hatsi muni, tun da mai sayen gero yana iya tona buhu ya gani, mai sayen magani kuwa ba shi da abin riƙo sai kalmar mai shi. Muhtasibinmu na yau a wannan fanni ita ce NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma lambarta a jikin kwalba ita ce mafi ƙarancin abin da mai saye zai nema. Sai dai a san iyakar lambar: wadda ta ƙare da harafin L, da ake ba kayan itatuwa da dangoginsu, ba shaida ba ce cewa kayan suna warkar da abin da mai talla ke faɗi, kuma kowace lamba shaida ce a kan samfurin da aka kai aka gwada, ba a kan kowace tukunya da aka dafa bayan nan ba. Kuskuren Total Body Formula a tukunya ya faru, haka kuma musibar My Pikin, maganin haƙoran jarirai na ruwa da ya gurɓata da wani sinadari mai kashe ƙoda, ya hallaka yara 84 a ƙasar nan tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009. Abin da nake roƙon hukuma shi ne ta riƙa shiga kasuwa tana sayen kwalaben nan kamar kowa, ta auna ƙarfensu da seleniyam ɗinsu da dalmarsu, ta buga sakamakon da Hausa a gidajen rediyo, ta kuma wajabta marfin da yaro ba ya iya buɗewa ga duk abin da ke da ƙarfe.

Wannan marfi ba ƙaramin abu ba ne, ga lissafinsa. Alamun gubar ƙarfe suna farawa ne daga miligiram 20 a kan kowane kilo na nauyin jiki, daga 60 kuwa ana maganar rai ne. Akwai ɗigon ƙarfe na jarirai mai miligiram 15 a kowace mililita, 'yar kwalbarsa mai mililita 50 tana ɗauke da miligiram 750, yaro mai kilo 10 da ya same ta a kan taga ya shanye ya sha 75 a kan kowane kilo. A Amurka, yawan mutuwar yara daga ƙwayoyin ƙarfe na iyayensu mata ne ya sa aka wajabta rubuta gargaɗi a jikin kwalba a 1997, dokar kuwa ta tsaya ne a kan ƙwayoyi, ba ta haɗa da na ruwa ba. Yadda gubar ke tafiya shi ne ya kamata kowace uwa ta haddace. A sa'o'i shida na farko yaro zai yi amai da gudawa, wani lokaci da jini, yana riƙe ciki yana kuka. Daga nan sai ya lafa, ya nemi nono ko ya yi barci, har mutanen gida su ce alhamdu lillahi ya amayar da shi. Wannan lafawa kuwa yaudara ce, domin a lokacin ne ƙarfen ke ratsa jini yana cin hanta, bayan yini ɗaya ko biyu jiki ya yi sanyi, numfashi ya yi sama-sama, idanu su yi ɗorawa. Manja ba ya karya wannan guba, madara ba ta karya ta, gawayi ma da ke kama guba iri-iri ba ya kama ƙarfe, sa yatsa a maƙogwaro kuwa ƙara wa yaro wahala ne. Makarinta yana asibiti, wani magani ne mai suna desferoksamin da ake sawa ta jijiya, kuma amfaninsa yana ga wanda aka kai da wuri. Wanda ya tarar da kwalba a buɗe a hannun yaro, ya ɗauki yaron da kwalbar tare, ko da yaron yana wasa, ya nufi babban asibiti mafi kusa, ya gaya wa likita lokacin da abin ya faru da inda maganin yake a kwalbar kafin yaron ya taɓa ta.